Ranar da Aka Kira Tasallah Mai Inji Sau Biyu a Lasifika

Wata rana, Asabar ce, hantsi bai ko ɗaga ba, aka ga Inna Tasallah mai injin niƙa ta fito da farar rigar 'yan tattaki a kan hijabinta, da silifas ɗin roba a ƙafa.

Matan layi har leƙowa suke ta soro. Tasallah da ko gidan suna sai an ja ta, yau ita ce za ta taka kilomita takwas?

Wata ƙungiyar matasan garin ce ta shirya tattakin don yaƙi da yunwa. Masu hali suka sayi riguna, aka tara kuɗin. 'Yan kasuwar hatsi suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Duk wanda ya kai ƙarshe da ƙafarsa, za su ba da tiyar masara ɗaya a kan kowace kilomita, shi kuma ya zaɓi gidan da za a ba.

Tiya takwas ke nan.

Tasallah dai ba motsa jiki ya fito da ita ba. Gida ɗaya tak ta fito wa.

Ku da ba ku taɓa zama a bakin inji ba, bari in gaya muku. Kafin mai unguwa ya ji, kafin liman ya ji, mai niƙa ta riga ta san gidan da yunwa ta shiga. Daron da ke zuwa a cike sai ya koma rabi. Daga rabi sai a fara aiko da kwano. Daga nan kuma sai shiru.

Niƙan gidan Malam Tanimu kwana goma sha ɗaya ke nan bai zo ba.

Malam Tanimu tsohon hedimasta ne, ya haura saba'in. Rabin magidantan unguwar shi ya koya musu riƙe fensir. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Tasallah, shekara talatin. Ɗansa da ke aiko masa da abinci ya kwanta jinya a Kudu, hatsi kuma ya yi tashin gwauron zabi. Amma ka ga Malam a sahun gaba a masallaci, riga a goge, hula a zaune, wallahi sai ka ce daga ɗaurin aure yake.

Kada ku ce me ya hana ta aika masa. Ta aika. Ta ɗebi gari ta ce ɗanɗano ne. Kafin Azahar garin ya dawo mata, har da lemun tsami na bishiyar gidansa a kai, da saƙo: an gode ƙwarai, a kai wa mabuƙata.

Irin mutanen nan ne da za su mutu a ɗaki ba ka ji tarinsu ba.

Shi ne ta yi dabara. Ta ce kayan ƙungiya ai ba hannun kowa a kai. In aka sauke buhu a soro aka tafi, wa zai mayar wa? Ita ma ba wani ƙarfi gare ta ba, baki bakwai take ci da su, ga tsadar man inji. Amma ƙafa dai tana da ita.

Da ta isa filin makarantar da za a tashi, wa za ta gani a gaban taro?

Malam Tanimu.

Yaran sun gayyato shi ya buɗe da addu'a, don girmamawa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya ciyar da duk gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kowa ya shafa. Maimakon ya koma gida, sai dattijon nan ya naɗe hannun babbar riga ya shiga sahu.



Aka kama hanya. Aka wuce kasuwa, aka wuce tasha. 'Yan acaɓa na danna hon, masu shayi na ɗaga hannu, wasu 'yan mata na tafiya suna ɗaukar kansu hoto kamar za su faɗa kwata. Tasallah na can baya tana jan ƙafa, idonta a kan hular Malam.

A kilomita ta huɗu aka raba ruwan leda da biredi. Da aka miƙa wa Malam, sai ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Azumi nake."

Masu rabo suka ce ma sha Allah, suka wuce.

Ita kuwa Tasallah ta san Malam tun tana amarya. Litinin da Alhamis yake azuminsa, yau kuwa Asabar ce. Ta kuma san abin da mutum irinsa ke yi in ya tashi bai ga abin karyawa ba: sai ya ɗaura niyya, ko ba komai ya samu lada.

Ta dubi biredin da ke hannunta. Ta ƙulle shi a bakin zani.

A kilomita ta shida gwiwarta ta hagu ta kumbura. Akwai motar ƙungiya da ke bin baya tana kwasar waɗanda suka gaza. Direban ya tsaya mata sau uku.

"Inna, ki hau mana, ai kin yi ƙoƙari."

"Wanda ya hau yana da tiya?"

"A'a, sai wanda ya ƙarasa."

"To ja motarka, ɗana."

Haka ta ƙarasa. Tana cikin 'yan ƙarshe, silifas ɗaya ya tsinke, tana riƙe da shi a hannu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

A filin ƙwallon da aka tsaya, ta tarar da rumfuna, da buhuna a jere, da lasifika, da mai ɗaukar hoto. Kowane ɗan tattaki an ba shi kati. Za ka rubuta sunan wanda ka taka domin sa, a karanta a lasifika, mai sunan ya fito ya karɓa a ɗauke shi hoto. In ba ya nan, a bi shi har gida da mota da mai hoton. Wai 'yan kasuwa suna son su ga shaida.

Yaran kirki ne fa, ba na zaginsu. Niyyarsu fes take. Amma yaro yaro ne. Sun ɗauka duk mai jin yunwa zai iya tsayawa a gaban jama'a ya rungumi buhu.

Tasallah ta waiga. Ga Malam can a ƙarƙashin rumfar manya, a kujerar gaba, tsofaffin ɗalibansa na zuwa suna durƙusawa. Katinsa na hannu, bai rubuta komai ba tukuna. Leɓɓansa sun bushe.

Ta hango yadda sunansa zai fita daga bakin lasifikar nan.

In ta rubuta shi, ta tozarta shi. In ta bar katin fayau, tiya takwas ta tafi, gidan kuma ya sake kwana haka.

Ta ɗingisa zuwa teburin rubuta suna. Barira ce a zaune, shugabar ƙungiyar, yarinyar da ta tashi tana kawo niƙan gidansu wajen Tasallah.

"Sannu da ƙoƙari, Inna. Sunan wa za a rubuta?"

"Rubuta Tasallah mai inji."

Barira ta ajiye biro. "Haba Inna. Ai ke ba mabuƙaciya ba ce. Ki faɗa min mai shi, tsakanina da ke."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Barira. Sunana zai iya ɗaukar lasifika. Na mai shi ba zai iya ba."

Barira ta dube ta. Ta rubuta.

Ba a jima ba lasifika ta ɗauka.

"Tasallah mai inji, ta fito ta karɓa."

Jama'a, in ba ka taɓa jin an kira sunanka a layin sadaka ba, kada ka ce abu ne mai sauƙi. Matar da ta aurar da 'ya'ya huɗu da guminta, wadda ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba, ga ta tana ratsa fili da takalmi ɗaya a hannu.

Tana ji ana ƙus-ƙus. Wata ta ce ashe injin ma hoto ne. Wata ta ce ruwa ba ya tsami banza. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta yi ta maza. Mai hoto ya ce, "Inna, ɗan murmusa." Ta murmusa masa.

Ta ja buhunta gefe, ta zauna a kai tana murza gwiwa, tana tunanin ta ina masarar nan za ta bi ta shiga gidan Malam.

Aka kira suna biyar ko shida.

Sai lasifika ta sake cewa:

"Tasallah mai inji, ta sake fitowa. Wannan daga katin Malam Tanimu ne."



Ta ɗaga kai. Ga Malam yana tahowa a hankali, yana ɗan tangaɗi, yana gyara riga don kada a lura. Bai bari ta tashi ba. Shi da kansa ya sa aka ajiye buhun kusa da nata, ya kuma ɗaga wa mai hoto hannu ya ce ya isa haka.

Ya tsaya daga ɗan nesa, ya sassauta murya.

"Tasallah, ki yafe mana. Katanga ɗaya tsakaninmu, ban sani ba. Har kika aiko mana da gari alhali ke ce a cikin wani hali. Wannan laifina ne a wajen Allah."

Allahu Akbar.

Mutumin da ya taka kilomita takwas da cikin da Allah kaɗai ya san rabonsa da tuwo. Masara tiya takwas ta zo hannunsa halak malak, kuma da zai ce a kai gidansa, ba mai ce masa don me. Yana jin maƙwabciya na cikin matsi, ya miƙa duka, har yana neman gafara.

Tasallah ta rufe fuska da hijabi. Kuka ya zo mata, na mamaki da na tausayi, ta kasa tare shi. Shi kuwa Malam ya ɗauka kukan talauci ne, sai cewa yake ta yi haƙuri, Allah ba ya barin bawansa.

A cikin kukan nan Allah ya buɗe mata ƙofa.

Ta share ido ta ce, "Na karɓa, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma tunda asirina ya riga ya tonu, bari in ƙara roƙo. Ka ga gwiwar nan, ba zan iya tsayuwa a kan tukunya ba. Zan niƙe masarar nan duka in aika wa Yaya Kulu. Ta riƙa tuƙa wa gidajen biyu a tukunya ɗaya, a sa mana namu a kwano. Kuka da daddawa da itace daga wajena."

Yaya Kulu ita ce matar Malam.

Malam ya dubi buhunan biyu. Ya dubi gwiwar. Ya dubi Tasallah, ya daɗe yana dubanta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kama ƙaryar ɗalibai daga kallo ɗaya, ba na jin wannan ta wuce shi.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce:

"Kulu za ta tuƙa. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya."

Kafin La'asar injin Tasallah ya tashi. Ana kiran sallar Magariba, Malam Tanimu ya sha ruwa da tuwon masara miyar kuka, a gidansa, daga tukunyar matarsa, a matsayin mai taimakon maƙwabciya.

Har yau akwai masu nuna Tasallah da baki a unguwar, suna cewa ita ce aka kira sau biyu a layin sadaka. Ba ta taɓa gyara musu ba.

Darasi: Ba duk mai jin yunwa ne ke miƙa hannu ba. Wani yana sahun gaba da gogaggiyar riga, shi ne ma yake muku addu'a. Ku fita tattakin, ku ba da kuɗin, ku tara hatsin, Allah ya ba da lada. Amma in an zo rabo, a kashe lasifika, a mayar da waya aljihu. Ku tambayi mai niƙa da mai kayan miya gidan da ya yi shiru, sannan ku nemi hanyar da abincin zai shiga ba tare da mutuncin mai gida ya fita ba.

Tura wannan ga duk wanda ka san yana rabon abinci, tun kafin ya ɗauko kyamara. In ka tura, ka leƙa maƙwabcinka.