Mai sauraron ɗigon ruwa

Wani baƙo na zaune a bencin shagona na cajin salula a tashar Difa, ordinata, wato kwamfuta, a cinyarsa, murfinta ɗaure da roba. Tabaraunsa na masu boko ne, takalminsa kuwa na taya. Jim kaɗan sai ya dubi fitila ya ga ko kuran, wutar lantarki, ya dawo, ya yi tsaki.

Ba na son surutu, amma tsakin ya ishe ni. "Malam, lafiya?"

Ya ɗauki zobona, ya ɗiga cikin kofin ruwa. Jan ya bazu har ya ɓace.

"Ka gani, maigida? A jami'a muna da ɗan lu'ulu'u mai sauraron maganaɗisun ƙwayoyin cikin ruwa. Kafin ya gama jin ɗaya, ta yi gaba, wata ta zo, sai sakamako ya fito dishi-dishi. Lissafin yadda za a tsare su wuri ɗaya nake. Yau ake rufe karɓar aikin."

Ina zaton daga Baga ya gudo, ya bi ta Yebi. Irinsu 'yan gudun hijira ba a barinsu su zauna wuri ɗaya.

Bayanin bai shige ni ba, amma na tada janareta da ɗan man da na ɓoye. Ordinatar na kamawa, motar zuwa Shetimari ta danna ham, ita ce ta ƙarshe kafin a rufe hanya, iyalinsa na ciki. Ya zare wayar caji ya ruga, bai aika aikin ba.

Ko sunansa ban ji ba. Kofin na nan, ba a gane inda ɗigon ya faɗa.