Geron da Baba Ya Sare

Wata Asabar cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa mahaifina fura gona na iske shi da adda yana sare geronmu. Geron ya kai masa kafaɗa, har ya soma fitar da kai. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshen ƙirya, yana bin kunya yana kwantar da kara, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo. Na dire ƙwaryar na ruga gida na faɗa wa Inna. Ko ɗagowa daga turmi ba ta yi ba, ta ce, "Bar shi, ɗiyata, ya san abin da shika yi."

Baba malamin firamare ne kafin mutanen mazaɓarmu, can wajen Nasarawa Burkullu, su zaɓe shi kansila. Kujerar ba ta sauya gidanmu ba. Muna nan muna jan ruwa a rijiya kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, muna surfe, muna korar tsuntsaye a gonar dawa, da yamma mu yi ta carapke har Inna ta kira mu wanke-wanke. Abin da ya ƙaru kawai shi ne babur ɗin da yake hawa zuwa zaman majalisa a Bukkuyum, da masu koke da ke cika mana zaure.

Yawancin koken a kan burtali ne, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya. Shekara da shekaru kowane manomi yana ƙara kunya biyu ko uku a cikinta, har ta tsuke. Shanu suka koma faɗawa gonaki, ana ta ba-ta-kashi da sanduna. Baba ya kai ƙuduri majalisa cewa a mayar da burtali yadda yake, aka amince. Da aka zo awo da igiya, sai ga shi gonarmu ta fi ta kowa cin hanyar, tun zamanin kakanmu. Ƙanensa, Baffa Sani, ya roƙe shi ya bari a yi girbi, ga zaɓe ya matso. "Malam, manoma ad da ƙuri'a, shanu ba su dangwala yatsa," in ji shi. Baba ya ce, "In ban fara da tawa ba, da wane baki za ni ce ma wani ya sare tashi?"

Da ya sare, sauran ma suka sare, suna gunaguni. Shekarar nan rumbunmu bai cika ba, kuma da zaɓe ya zo aka kayar da shi. A makaranta ƙawayena suka sa mini suna ɗiyar kansilan shanu. Shi kuwa ya koma aji da allinsa, ban taɓa jin ya ce da-na-sani ba. Damina da yawa bayan haka shanu sun wuce mashaya ba a fasa kan kowa ba.

Baba dai, bara Allah ya karɓi abinsa. Yanzu ciyawa ta rufe burtalin da gonakin duka, domin manomi da makiyayi kowa tsoron dajin yake saboda 'yan bindiga, sai an haɗa ayarin babura ake fita gari. Nakan yi kewar lokacin da rigimarmu ba ta fi ƙarfin igiyar awo da kalmar mutum ɗaya ba. Baba ya rasa kujerar, amma da shi da waɗanda suka kayar da shi, sun kwana lafiya a gidajensu.