Dattijuwar da Ta Ƙi Rubutu Cikin Akwati

A ofishin fansho wata dattijuwa tana zaune kusa da ni, tabarau a kan hanci, yatsunta suna motsi a gwiwa kamar mai buga tafireta. Masinja ya rusuna mata. Ina zaton a nan ta ƙarar da ƙuruciyarta, kafin a kawo na'urar da ke karanta fom, a sallami masu shigar da bayanai.

Tana cike fom ɗinta da rubutu mai haɗe da juna, irin wanda aka koya mana a makarantar mishan. Ko harafi ɗaya bai zauna cikin ɗan akwatin da aka zana masa a fom ɗin ba. Da ta miƙa, na'urar ta haɗiye fom ɗin, ta tofo shi.

Manaja ya fito. "Mama, sake da manyan baƙaƙe, in ba haka ba fanshonki sai wata mai zuwa."

"Ɗana, ba kai ka ce mana na'urar nan ta fi mutum goma ba? To, ta karanta."

Layi ya ɗauki gunaguni. Ga manaja nan ya zauna gaban kwamfuta don shigar da bayananta, yana laluben baƙaƙe da yatsa biyu, ita kuwa tana tsaye a kansa, jaka a hammata.

"Ka yi kuskure," in ji ta. "Goge. Faro daga sama."