Yaya Ishaya, wanda kotu ta wanke

Shekara biyar ke nan bana da muka binne yayana Ishaya a gindin dutsen ƙauyenmu, kusa da Zuru. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana dai na daure.

Tsohon soja ne, kamar yawancin mazan gidanmu. Da ya ajiye kaki sai ya sayi babur yana kabu-kabu tsakanin Zuru da Ribah. Wata ranar kasuwa ya ɗauki wani mai sayen hatsi, Malam Tanko, ya sauke shi a wata mararraba, domin mutumin ya ce zai ƙarasa ƙauyen surukansa da ƙafa. Washegari aka tsinci gawar Malam Tanko a gonar dawa.

Babu wanda ya ga kisan. An dai ga su biyun a kan babur, an kuma ji suna musu a tasha kafin su tashi. An sami jini a rigar Yaya. Ya ce na naman da ya kai wa wani mahauci ne, mahaucin kuwa da ya ji zancen 'yan sanda sai ya ce shi bai tuna ba. Sannan aka ce ai soja ne, ya san kisa. Waɗannan aka harhaɗa, alƙali ya yanke masa hukuncin rataya.

Ni na ɗauki zirga-zirgar ɗaukaka ƙara, saboda yara sun yi wa matarsa yawa. Shekara da shekaru ina hawa motar haya. Yau a ce takardun shari'ar ba su iso ba, gobe a ce alƙalai ba su cika ba. Idan na biya gidan yari in ba shi labari, ba ya bari in gama.

"Yaya, lauya ya ce..."

"Ladi, bar lauya. Dawar ta kai gwiwa?"

Daga ƙarshe kotun ɗaukaka ƙara ta ce alamu ba sa rataye mutum sai in sun nuna shi kaɗai, babu wata ƙofa. Hanyar ta kowa ce, jinin kuma ba a taɓa gwada shi ba. Aka sallame shi. Ya fito da tari, haƙoransa na gaba sun zube.

Na zaci mun gama. Ya gyara babur ya koma tasha, ya wuni babu wanda ya hau. A coci idan ya zauna, benci yakan yi masa faɗi. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ce kawai ta gajarta. Sai ya jingine babur ya koma gona a kan dutse. Damina biyu ya yi, tarin ya ci ƙarfinsa.

Yanzu ko masu kabu-kabu sun fara yawo da wayar salula a aljihu. Nakan ce da a lokacin akwai ta, da wataƙila Malam Tanko ya kira gida ya ce ga shi a mararraba lafiya. Ban sani ba. Kwanan baya na ji a rediyo an yanke wa wani matashi irin hukuncin nan, shi ma don shi aka gani ƙarshe da mamacin. Da Yaya na nan, ba na jin zai yi dogon zance. Zai tambaya ne ko yaron yana da mai bi masa sawu. Bulus, ɗan Yaya, shi ke hawan babur ɗin yanzu, kuma ko za ka zage shi, ba ya sauke fasinja sai inda akwai mutane.

Bai bar dukiya ba, sunansa ma rabi aka mayar masa. Abin da na riƙe shi ne ban taɓa jin ya tsine wa kowa ba, har mahaucin. Sai kuma ranar jana'izarsa, da matar Malam Tanko ta zo, ta zauna nesa da matan coci da lulluɓinta. Na kai mata ruwa. Ta sha, ta ce, "Allah Ya ba ku haƙuri. Ku an gaya muku ba shi ba ne. Ni har yau babu wanda ya gaya mini ko wane ne."