Tsiron da Ke Fitowa da Gaisuwa

Tokue ba ta taɓa mallakar gona ba. Shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abincin rana a birnin Hamamatsu, da ta ajiye aiki kuwa sai tagar kicin ta zame mata gona. In awara ta ƙare sai ta wanke robar, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, ta barbaɗa baƙin irin albasa. Bayan mako uku tsiron ya kai tsawon yatsa, siriri kamar zaren ɗinki, ta sa almakashi ta yanka a kan miya. Mu maƙwabta duk mun sha miyar nan. Har yau in an rufe ido ana ganin koren yana shan hasken safiya.

Da likita ya gaya mata da wuya ta ga furannin bazara, ba kanta ta ji wa tsoro ba. Mijinta Genzo ta duba. Tsohon mai ɗinkin tabarmar ɗaki ne, ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, kuma tun da ya bar sana'a ba ya tashi daga shimfiɗa sai ta yaye masa bargo. In ba ta nan, me zai tashe shi?

"Baban yara, zo ka karɓi gonarka," in ji ta.

"Gona a robar awara? Ke tsohuwa, ƙyale ni."

"Fesa ruwa ne kawai kowace safiya. Ko shi ma sai an ɗauko maka injiniya?"

Ya karɓa yana gunaguni. Kwana tara tsiron ya keto. To, albasa ba ta fitowa a miƙe, a lanƙwashe take fitowa, kai a ƙasa, gadon baya a sama. Genzo kuwa mutum ne da ya tsufa yana daidaita gefen tabarma, karkataccen abu ciwo yake sa masa. Ya ɗauki tsinken cin abinci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙarwa. Kafin tsakar rana duk sun tuge sun kwanta.

Tokue ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wayyo ni! Baƙi sun shigo suna rusuna maka, ka kama wuyansu ka ɗaga?"

"Na zaci ciwon baya ne irin nawa."

"Gaisuwa ce, malam gwani. In an rusuna maka, kai ma sai ka rusuna, ka jira su ɗago da kansu."

Ya wanke robar, ya sake shukawa.

A lokacin ne Tokue ta daina iya tashi. Tana kwance tsakanin barci da farkawa, tagar takan buɗe mata ta zama fili mai faɗi, kore har bakin teku, yaran da ta ciyar suna tafe a ciki da farantansu. Can nesa takan ji fis, fis, kamar yayyafi. Sai daga baya ta gane ƙarar abin fesa ruwa ce, kuma Genzo da kansa ya tashi, ba ita ta yaye masa bargo ba.

Wata safiya ta buɗe ido, ta hango shi ta ƙofar da aka bari a buɗe. Yana tsaye gaban taga, tafin hannu a cinya, ya rusuna sosai duk da ciwon bayan.

"Sannunku da zuwa," ya ce a hankali. "Ku yi a sannu, ba sauri."

Ta mayar da idonta ta rufe, don kada ya ji kunya.

Tsiron ya ɗago da kansa, kowane ɗaya da baƙin ɓawon iri a ka kamar 'yar hula. Genzo ya yanka mata a kan kunun shinkafa. Cokali biyu ta iya sha.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce, tana riƙe da hannun rigarsa. "Amma manomin ba laifi."

Ba ta ga furannin bazarar ba, saura kwana goma sha ɗaya su buɗe ta tafi. Tokue, baiwar Allah. Robobi bakwai ne yanzu a tagar. Kowace safiya, tun kafin a fito shanyar wanki, ana jin fis, fis ta cikin bango.