Audugar Inna da Akokon Japan

Shekarar da na fara aikin malamin sikeli a fulotin sayen auduga, ji nake duk Tudun Wada babu wanda ya kai ni sanin duniya. Audugar da nake aunawa jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa Ikko, ta haye teku. A kantuna kuwa sai ga yadin akoko ɗan Japan ya cika ko'ina, araha kamar banza. Mutanen da aka ce an yi wa kaca-kaca a yaƙi, ga su suna tufatar da mu! Abin ya burge ni ƙwarai, kowa na samu sai na yi masa wa'azin ciniki tsakanin ƙasashe.

Inna, mahaifiyata, ba ta cikin masu saurarona. Kullum da hantsi tana bakin ɗakinta da mazari, yatsunta fari fat da alli. Har yau in na rufe ido ina jin ƙugin mazarin nan. Duk kaka takan ware kwando guda na audugar gonarmu, ta kaɗa, ta aika wa wani tsohon masaƙi a Tudun Jukun, wanda shi kaɗai ya rage bai koma sayar da yadi ba.

Ni kuwa kunya abin ke ba ni. Uwar malamin sikeli guda tana fama da kaɗi? Ranar da ta tafi barka, na ɗauki kwandon na kai fuloti, na dawo mata da bandir ɗin akoko, ina jiran a sa mini albarka.

Ta shafa yadin. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, ina audugata?"

"Ta kama hanyar teku, Inna. Ga wadda ta fi ta, an saƙa miki a huce."

"Likkafanina nake haɗawa," in ji ta. "Na mace kashi biyar ne. Uku na samu."

Na ce ai sai in sayo wata a kasuwa. Ta ce a'a, ta gonar mahaifina take so, ta ƙasar da ya yi wa gumi. Za ta jira kaka.

Ba ta ga kakar ba. Cikin damina zazzaɓi ya ɗauke ta, audugar ko fure ba ta yi ba. Masu wanka suka buɗe adakarta, suka tarar da saƙi uku a ninke, da akokon nan a ƙasa, ko tsinke ba a cire masa ba. Suka aiko a tambaye ni da me za a cika.

Ni na riƙe almakashin na yanka sauran biyun.