Sunan Yaya Hamisu a Ƙofar Ɗakin Karatu

Da shigowar damanar bana aka cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana, Malam Hamisu, mai kula da ɗakin karatu na wata sakandare a Karshi. Allah Ya kyauta makwanci. Da na so in yi masa addu'a in ja bakina, sai ga wata magana ta taso wadda ba ta barin shiru.

Makarantar ta sami kwamfutoci daga wani ɗan kwangila, za a mai da ɗakin karatun wurin da malamai za su riƙa sauko da shiryayyun darussa daga intanet. Shugabar makarantar, Madam Laraba, ta tako har gidana a Kurudu tana neman izinin iyali a rubuta sunan marigayin a ƙofa. Ni ne babba a cikin waɗanda suka rage, don haka amsar tana wuyana.

Yaya yana da wata al'ada da ta sha jawo masa baƙin jini. Littafi ba ya hawa kantar ɗakin sai ya karance shi da kansa, daga bango zuwa bango. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, arziki ya buɗe, masu neman suna suka riƙa turo littattafai kwali-kwali, sai ya jibge su a kusurwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. An kira shi mai taurin kai. Shi kuwa cewa yake, duk abin da yaro ya ɗauka a ɗakin nan, idan ƙarya ce, shi za a tambaya gobe kiyama.

Ban amsa wa Madam nan take ba, domin ba a cinikin biri a sama. Ruwa kuma ba ya tsami banza: kwanakin baya jikana ya zo da aikin gida na darasin noma, inda aka koya musu wai doya watsa irinta ake yi kamar gero. Na ɗauka kuskuren malami ɗaya ne, sai na tarar ɗan maƙwabcina, da ke karatu a Orozo, ya kwafo wannan magana kalma da kalma. Makarantu biyu, rijiya ɗaya: shiryayyen darasi daga intanet. 'Ya'yan manoman doya, waɗanda suka tashi suna ganin iyayensu na binne kan doya a tulin ƙasa, suka rubuta abin da suka san ba haka yake ba, don kada su faɗi jarrabawa.

Na kai wa Madam wannan, na ce, "Ranki ya daɗe, wa zai karanta darussan kafin su isa ga yara?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, masana ne fa suka rubuta. Malamaina ko lokacin cin abinci ba su da shi."

Ban ƙaryata ta ba. Azuzuwa sun cika maƙil, malamai sun gaji, kuma na yarda a cikin darussan akwai masu kyau. Ina jin da Yaya yana raye ba zai kori na'urar ba. Zama zai yi gabanta da tabarau, ya bi darussan kamar yadda ya saba, ko da za a shekara. Abin da ba zai lamunta ba shi ne ilimin da babu mai ɗaukar alhakinsa.

Saboda haka na gindaya sharaɗi guda: a ware malami ɗaya da zai riƙa dubawa, ya kuma amsa laifin abin da ya wuce ta hannunsa. Madam ta ce babu gurbin haka a tsarin aiki, sai ta tuntuɓi na sama. Har yau na saman ba su ce uffan ba.

Yaya bai bar gida a cikin birni ba, bai bar fili ba. Suna ya bari, wanda iyayen Karshi suka sani da cewa abin da ke bayansa an duba shi. Za a buɗe ɗakin, kuma ina yi masa fatan alheri. Amma na aika wa Madam cewa mai fenti ya nemi wani sunan.